Daga Gaya Zuwa Bama: Yadda Aka Zaɓi Kakanninmu Aikin Soja

Ya ku 'yan makaranta, ku da kuka saba da jarrabawar alƙalami da takarda, yau za mu ba ku labarin wata jarrabawa dabam, wadda a ke tuɓe mutum a auna ƙirjinsa, a buɗe bakinsa a duba haƙora, kamar yadda masayi ya ke duba doki a kasuwa. Ita ce jarrabawar shiga sojan baƙi. Kakanninmu na ƙasar Kano sun yi ta, har da na wajenmu, watau Gaya da Ajingi. Waɗanda suka ci, aka kwashe su zuwa ƙasashen da ko sunansu ba su taɓa ji ba. Waɗansu Allah ya komo da su, waɗansu kuwa har yau danginsu ba su san inda kabarinsu ya ke ba.

Abin da ya sa muka tono wannan labari shi ne, samarin da suka gama makaranta aiki bai samu ba su kan zo mana da tambaya. Sun ji ana cewa wata ƙasa a Turai tana ɗaukar baƙi soja, tana biyan kuɗi masu nauyi, suna so su san abin da za su tarar ranar zaɓe. To, amsar tana nan cikin tarihin gidajenmu, domin an yi kusan shekara 100 Turawa suna zaɓen Hausawa soja. Abin da tarihin nan ya nuna kuwa shi ne, mai zaɓe ya san abin da ya ke nema, ya kan dudduba mutum sarai kafin ya karɓe shi. Amma wanda a ke zaɓa, sau da yawa bai yi wa mai zaɓensa ko tambaya ɗaya ba.

Mafarin abin

Mutanen Gaya ba baƙin tafiya ba ne. Masu tarihi sun ce maƙeran nan da suka zauna a gindin Dala tun kafin a gina Kano, waɗanda a ke kira Abagayawa, daga Gaya suka taso neman tama. Bayan wannan, fatauci da bauta suka watsa masu jin Hausa ko'ina, har bakin teku. A can bakin tekun ne kuwa labarinmu ya soma.

A shekarar 1863 wani hafsan jirgin ruwa na Ingila, ana ce da shi Glover, ya tara mutum 18 daga cikin 'yan Arewa a Ikko, watau Legas, ya ba su bindigogi. Da yawa daga cikin waɗanda ya riƙa ɗauka bayi ne da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarbawa. Wannan 'yar ƙungiya, wadda aka riƙa kira Hausawan Glover, ita ce tushen sojan Nijeriya. Cikin 1873 da 1874 ya kai su Gwalkwas, wadda a ke kira Gana yanzu, suka shiga yaƙin Asante, waɗanda Hausawa ke kira Tonawa. Daga nan sunansu ya fita, har ya zama duk Baturen da ke neman ƙasa a Afirka yana so ya sami Hausawa. A shekarun 1880 Sarki Leopold na Beljiyam ya aiko aka ɗebar masa su zuwa Kwango. Jamusawa kuma suka ɗauke su a Togo da Kamaru.

Zaɓen wancan zamani ba shi da wuya. Abu uku a ke dubawa: ƙarfin jiki, da jin Hausa, domin da ita a ke ba da umurni, sa'an nan nisa da gida. Ku lura da na ukun nan. Mutumin da ba shi da dangi kusa ba shi da wurin gudu, ba ya kuma jin nauyin waɗanda za a ce ya harba. Sunan Bahaushe kuwa a bakin hafsoshin nan ya haɗa duk mai jin harshen, ko Babarbare ne, ko Bazabarme, ko Banufe.

A 1897 gwamnatin Ingila ta sa Lugga ya kafa rundunar tsaron iyakar Afirka ta Yamma, ya yi sansani a Jabba. Ita ce ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, sa'ad da Sarki Alu ya ke Sakkwato. Kanar Morland ya zo da soja sama da 700, Turawan cikinsu 'yan kaɗan ne, sauran duk baƙar fata. Watau waɗanda suka saita igwa ga ganuwar Kano, da Hausa a ke yi musu tsawa. Ranar da aka rubuta sunansu, ba wanda ya gaya musu cewa wata rana za a juya bakin bindigarsu ga garuruwan iyayensu. Shi ya sa aka daɗe a ƙasar Kano mai gida ba ya son ɗansa ya sa kaki.

Yadda kira ya ke isowa ƙauye

Da yaƙin Jamus na fari ya tashi a 1914, aka tura sojan Nijeriya Kamaru. Suka ci Garwa a 1915, Mora kuma ta miƙa wuya a 1916. Ƙarshen wannan shekara aka sa su a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda yunwa ta cinye su a damina, aka kuma yi musu ɓarna mai yawa a faɗan Mahiwa cikin Oktoba 1917. Da yaƙin Hitila ya zo, daga 1939 zuwa 1945, Nijeriya ta ba da soja sama da 100,000.

Mutane masu yawa haka ba su samuwa da jiran wanda ya kawo kansa. Saboda haka kira ya kan bi hanyar da haraji ya ke bi. Razdan ya gaya wa Sarki adadin da a ke bukata, Sarki ya raba wa hakimai, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya tara masu unguwa. A yaƙin Hitila Sarkin Kano Abdullahi Bayero ke bisa gado, domin ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Gaya gunduma ce mai hakiminta, Ajingi kuwa a ƙarƙashin Gaya ta ke a lokacin, sai daga baya aka yanke ta ta zama ƙaramar hukuma.

Akwai waɗanda suka tafi don ra'ayin kansu. Albashin ƙaramin soja sule 1 ne a rana, ga abinci, ga tufafi. Ku tuna kuma farashin gyaɗa ya faɗi ƙwarai a shekarun 1930, haraji kuwa ba ya jiran kasuwa ta gyaru. Wani kuɗin aure ya ke nema, wani bashi ya kore shi, wani ya ɓata da ubansa, wani kuwa ya ga ɗan garinsu ya zo hutu da jar dara da jar ɗamara, 'yan mata na kallonsa. Yunwa ma ta taimaki masu neman soja, domin farkon yaƙin fari ya zo daidai da yunwar da a ke kira Kakalaba, tsakiyar na biyu kuma ya zo da wadda a ke kira 'Yar Gusau.

In masu son kansu ba su cika adadi ba, sai dagaci ya cika. Nan ne zaɓe na fari, kuma ba likita cikinsa. Dagaci ba ya tura ɗansa, ba ya tura ɗan attajiri ko ɗan liman. Wanda idonsa ke faɗa wa shi ne baƙo, da maraya, da wanda ya kasa biyan haraji, da mai taurin kai wanda gari ke so ya huta da shi. A takarda dai duka masu son kansu ne. Samari da yawa in sun ji labarin zuwan masu ɗiba su kan kwana a daji, waɗansu su ƙetare iyaka zuwa ƙasar Faransa. Tsoron kuwa ya ƙaru daga 1942 zuwa 1944, lokacin da aka riƙa kwasar talakawa daga lardunan Arewa da ƙarfi zuwa haƙar kuza a Jos, bayan Japan ta ƙwace Malaya inda Ingila ke samun kuza. Wannan shi ne abin da mutane suka sa wa suna diban gwamna.

Gaban likita

Daga Gaya zuwa Kano wajen mil 40 ne, ta kan Wudil, inda a ke ƙetare kogi. Ga mai tafiya a ƙasa kwana biyu ke nan. In an isa, sai a jera mutane sahu a rana, a ce kowa ya tuɓe. Ga Bahaushe, wanda ko gaban wansa ba ya cire riga, wannan kaɗai jarrabawa ce.

Da fari a tsai da mutum jikin sanda a auna tsawonsa, a ɗora shi a sikeli, a zagaya ƙirjinsa da igiyar awo, a ce ya ja numfashi a sake aunawa. Sa'an nan likita ya saurari ƙirji da baya saboda tarin fuka. Ya buɗe baki ya duba haƙora, domin wanda ba ya iya taunar busasshen abinci ba zai jure tafiya ba. Ya rufe ido ɗaya ya gwada ɗayan, domin mai harbi da ido ya ke aiki, mai dundumi kuwa ba ya gadin dare. Ya danna ciki ya ji ko saifa ta kumbura. Ya duba gwaiwa da ƙaba, da ciwon sanyi, da tabon kuturta a fata. Daga ƙarshe ya sauko ƙafa, wadda ita ce dokin soja: kurkunu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko karkataccen ƙashi, kowanne ya isa a ce mutum ya koma gefe.

Mutane da yawa a nan su ke faɗuwa, domin cututtukan nan sun cika ƙauyuka a zamanin, musamman inda a ke shan ruwan tafki. Wanda ya zo don kansa ya koma gida da kunya, wanda aka turo kuwa ya koma yana godiya ga kurkunun da ya cece shi.

Shekarun haihuwa fa? Ba wanda ke da takardar haihuwa, saboda haka da ido a ke ƙiyastawa. Yaro in ya yi tsawo ya wuce. Akwai wani Bayarabe, Isaac Fadoyebo, wanda ya rubuta labarinsa da kansa. Yana da shekara 16 aka ɗauke shi a 1942. Za mu komo gare shi nan gaba.

Rantsuwa da suna

Wanda likita ya yarda da shi sai a kai shi gaban hafsa da akawu. A tambaye shi sunansa da garinsu. Akasari ba a rubuta sunan uba, sai a liƙa wa mutum sunan gari bayan sunansa na yanka, wanda ya fito daga Gaya ya zama wane Gaya, na Kano ya zama wane Kano. Wanda ya gudo daga gida ya kan ba da sunan da ba nasa ba, ko garin da ba nasu ba, ba kuwa mai bincikawa. Wannan ya yi masa daɗi a ranar. Amma in ya mutu a wata ƙasa, ina za a aika da labari, wa kuma za a ba abin da ya bari?

Sa'an nan rantsuwa. Musulmi ya dafa Alƙur'ani, Kirista ya dafa Littafi Mai Tsarki, mai bin addinin gargajiya kuwa a rantsar da shi da ƙarfen banati. Tafinta ya faɗa masa a taƙaice cewa zai bi Sarkin Ingila da hafsoshinsa duk inda aka tura shi. Ya dangwala yatsa a takardar da bai iya karantawa ba, a ba shi lamba. Tun daga wannan lokaci ya fita hannun dagaci da alƙali, ya shiga dokar soja. Kafin ya dangwala yana iya cewa ya fasa. Bayan ya dangwala, in ya tafi gida sunansa mai gudun soja, a kamo shi a ɗaure. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Zariya

Daga Kano sai jirgin ƙasa zuwa Zariya, inda aka kafa barikin horar da kurata a 1924. A aske kai, a yi wa mutum lamba saboda agana, a ba shi kaki da bargo da kwano. Watanni a ke yi ana fareti tun da asuba, ana koyon juyawa dama da hagu, da kwance bindiga da ɗaurawa, da harbi, da tafiya mai nisa da kaya. Kofur yana tsawa, saje yana tsawa, samanja kuwa ko kallonsa ya isa. Kafin yaƙin Hitila ba takalmi sojan nan su ke fareti. Mai laifi a kai shi gadirum, ko a yi masa bulala. Ba a hana bulala ga sojan baƙar fata ba sai 1946, alhali an daɗe da hana ta ga sojan Ingila.

A nan a ke zaɓe na uku, wanda ya fi shafarku, ku masu karatu. Yaƙin zamani yana bukatar direba, da akawu, da mai buga waya, da malamin asibiti, da makaniki. Waɗannan ayyuka sai wanda ya iya karatun boko, albashinsu kuma ya fi. Da ya ke makarantu kaɗan ne a Arewa, yawancinsu 'yan Kudu suka samu. Ga shi kuma Janar Giffard, wanda ya zama shugaban sojan Afirka ta Yamma a 1940, ya matsa a koma ba da umurni da Turanci, domin sababbin hafsoshin da suka zo ba su jin Hausa. Namu kuwa aka raba su biyu: masu riƙe bindiga, da masu ɗaukar kaya a ka, waɗanda yawancinsu ba a ba su bindiga ba, sai adda. Alamar runduna ta 82 ma mashi biyu ne gicciye a kan gammo. Ta runduna ta 81 kuwa gizo-gizo ce, domin Gizon tatsuniya, wanda Tonawa ke kira Ananse.

Abin da ba a faɗa ranar zaɓe

Na ɗaya, inda za a je. A 1940 aka kai sojan Nijeriya Kenya su yaƙi Italiya. Suka shiga Mogadishu a Fabrairu 1941, suka bi Italiyawa wajen mil 1,000 cikin kimanin wata guda, har Harar ta ƙasar Habasha. A 1943 aka haɗa runduna ta 81, aka sa ta a jirgi a Ikko, ta zagaya ta ƙarshen Afirka ta Kudu, ta yi makonni a teku kafin ta sauka Bombai ta Indiya. Ta 82 ta bi bayanta a 1944. Daga Indiya aka shiga da su Bama, wadda a ke kira Myanmar yanzu, su yaƙi Japan.

Ku auna da kanku. Mutumin da ya tashi a filin Ajingi, inda a ke hango rimi daga nesa, ga shi cikin kurmin kwarin Kaladan, tsaunuka a tsaye, gora ta rufe sama, ruwa na zuba wata da watanni, matsattsaku na shan jini. Ba hanyar mota, saboda haka da laima a ke jefo abinci daga jirgin sama, masu gammo su ɗauka su hau dutse da shi, har da harsashi da igwa a kwance. Zazzaɓin cizon sauro da atuni sun kwantar da mutane fiye da harsashin Japan. Bataliya 3 na Nijeriya kuma aka haɗa su da rundunar Janar Wingate da a ke kira Chindit, aka sauke su da jirgin sama a bayan abokan gaba a 1944. A Janairu 1945 rundunonin nan biyu suka ci garin Myohaung.

Yaron nan Fadoyebo, malamin asibiti aka mai da shi. A Maris 1944 Japanawa suka yi musu kwanton ɓauna a bakin kogin Kaladan, harsashi ya karya masa ƙafa, aka bar shi a matsayin matacce. Wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ya ciyar da shi ya kuma ɓoye shi, shi da wani sajen Saliyo, har wajen wata 9 suka wuce. Ya komo gida yana ɗingishi har ƙarshen ransa.

Na biyu, iyakar girman da mutum zai kai. Ku ɗauki Chari Maigumeri, mutumin Barno. Ya fara soja wajen Jamusawa a Kamaru, aka kama shi a 1915, ya shiga sojan Nijeriya a 1917. Ya yi Afirka ta Gabas, ya yi Habasha, ya yi Bama, ya sami lambobin jaruntaka, ya zama babban samanja. Duk da haka yaron Bature da ya fito makarantar hafsoshi jiya yana gabansa. Sai da zai bar aiki a 1953, bayan shekara 36, aka ba shi kyaftin na girmamawa. Baƙar fata na fari da ya zama hafsa a rundunar shi ne Seth Anthony na Gwalkwas, a 1942. Ɗan Nijeriya bai samu ba sai 1948.

Na uku, sallama. Da aka ƙare yaƙi an biya kuɗin sallama gwargwadon watannin da mutum ya yi. A 2019 aka fito da wata tsohuwar takardar gwamnati wadda ta nuna yadda aka yi rabon a rundunar Afirka ta Gabas: ƙaramin soja Bature sule 10 kowane wata, baƙar fata kuwa sule 3 da sisi. Mutuwa ma ba ta daidaita su ba. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila da ƙasashen renonta ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin fari, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunansu a kan dutse ba. Na Bama da ba a sami gawarsu ba, sunayensu na jikin wani bango a maƙabartar Taukkyan kusa da Rangun, cikin suna wajen 27,000. A gida kuwa abin da ya rage shi ne sunayen barikoki: Myohaung da Arakan da Dodan a Legas, Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya. Duk daga yaƙin Bama aka samo su.

Zaɓen yau

Kada ku ce wannan labarin jiya ne kawai. Faransa tana da Rundunar Baƙi tun 1831. Ba ta da dillali, ba ta ɗauka ta wasiƙa. Sai mutum ya kai kansa Faransa, a tattara masu nema a garin Aubagne kusa da Marseille. A karɓi fasfo da waya, a yi makonni ana gwada gudu da ƙarfin hannu, ana duba lafiya da haƙora, ana jarraba ƙwaƙwalwa, ana yi wa mutum tambayoyi a kan rayuwarsa ana maimaitawa, ko zai saɓa da bakinsa. Mafi yawa a kan sallame su. Wanda ya ci ya sa hannu a alkawarin shekara 5, a kai shi Castelnaudary horon wata 4, sa'an nan a tura shi inda Faransa ta ga dama. Ku duba, in an cire jarrabawar ƙwaƙwalwa, abin da a ke nema bai canja ba tun zamanin Glover.

Wannan ke nan runduna mai doka da tsari. Akwai kuma mugun iri. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a 2022, aka yi shelar neman baƙi, samari suka yi ta tambaya. A Maris na shekarar gwamnatin Nijeriya ta ce ba ta yarda a ɗebi 'yan ƙasarta sojan haya ba. A 2025 gwamnatocin Kenya da Afirka ta Kudu suka bayyana cewa an yaudari samarinsu da alkawarin aiki mai tsoka, suka tsinci kansu a bakin daga a wajen Rasha, da takardun da suka sa wa hannu cikin harshen da ba su ji. Ku sani kuma, a dokar yaƙi ta Jeneva da aka ƙara a 1977, sojan haya in an kama shi ba shi da haƙƙin fursunan yaƙi. Wakilan Nijeriya ne ma suka kawo shawarar wannan sashe. Wanda aka rubuta cikin rundunar wata ƙasa bisa doka ba ya cikin wannan hukunci, amma wanda dillali ya kai don kuɗi, wa zai tsaya masa?

Inda zaɓe ya yi tsanani, aƙalla ana so mutum ya daɗe yana aiki. Inda kuwa ba a duba ido ba, ba a duba ƙafa ba, aka ce kawo fasfo kawai ka hau jirgi, to, ba a shirya mutum zai daɗe ba.

Abin da za ku riƙe

Ba mu ce aikin soja abin kunya ba ne. Mazan da suka hau tsaunukan Kaladan da kaya a ka sun yi abin da mu ba za mu iya ba. Mai son kaki kuwa ƙasarsa tana da soja, har yanzu ana horar da kurata a Zariya. Abin da mu ke cewa shi ne, duk wanda za a auna, shi ma ya auna. Kafin ya sa hannu ya tambaya: Wace gwamnati ce ta ɗauke ni, da wace doka? Wa za a ce in harba, me kuma ya yi mini? Shekara nawa ne, yaya kuma a ke fita? In na rasa ƙafa, wa zai ciyar da ni? In na mutu, wa zai gaya wa uwata? Ya kuma karanta takardar da idonsa, cikin harshen da ya ke ji. Kakanninmu ba su sami wannan dama ba, domin yatsa suka dangwala. Ku kuwa an sa ku makaranta. Matambayi ba ya ɓata.

Ga kuma aikin hutu. Duk wanda ya je gida, ko Gaya ko Ajingi ko wani gari, ya zauna gaban tsofaffin gidansu ya tambaya ko akwai wanda ya je Habasha ko Bama. Ya rubuta sunansa na gaskiya da sunan ubansa, da sunan da aka ba shi a bariki, da lambarsa in takardar sallama tana nan cikin adaka, da yadda aka yi ya tafi, ko da son ransa ko turo shi aka yi. Mazan da kansu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu da suka ji daga bakinsu ma sun manyanta. In ba ku rubuta yanzu ba, ba mai rubutawa.

Allah ya jiƙan mazan jiya, ya kiyaye na yau daga sharrin kwaɗayi da gaggawa, amin.